Tsuntsayen da ke cin arzikin kwarkwasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Argungu ko ta Yauri da hantsi ya san ba don ƙaunar saniya balbela ke bin garke ba. Kofato ne ke tattaka ciyawa, fara da gyare su tashi, ita kuma tana gefe tana cafewa. Shirwa ma haka take yi in an cinna wa daji wuta bayan kaka, ta yi ta shawagi a bakin hayaƙi tana surar abin da zafi ya koro. Dabarar ɗaya ce: wani ya tayar, kai ka ci. Sai dai su waɗannan biyun ba su rasa wata ƙofar ba. In babu shanu, balbela sai ta bi tarakta ko ta sauka a juji, kuma wannan sauƙin kai ne ya kai ta har ƙetaren tekun Atlantika da fukafukanta. An fara ganinta a gaɓar arewacin Kudancin Amurka a 1877, yanzu kuwa ta cika nahiyar.

A cikin duhun kurmin ƙasashen da ruwa ke sauka kusan duk shekara akwai wasu ƙananan tsuntsaye da suka ɗauki wannan sana'a suka kai ta maƙura. Su kwarkwasa suke bi, kuma wasunsu in ba a gaban rundunar kwarkwasa ba, da wuya su cika ciki. Masu sha'awar kallon tsuntsaye kan tashi takanas daga Turai zuwa Fanama ko Barazil dominsu. Ganinsu kuwa sai wanda ya san kan abin, don baƙo kan yini yana ɗaga kai yana duba rassa, alhali abin da zai kai shi gare su yana nan kusa da takalminsa. Ni dalilin da ya sa nake son mu nan mu san labarinsu, su ne kan fara ɓacewa idan aka yanyanka daji gunduwa-gunduwa, tun itatuwa na tsaye, tun ido na ganin kore yana cewa lafiya lau. Yanyankawar kuwa ita muke yi wa ɗan kurmin da ya rage mana a ƙasar Zuru, Yauri da Ɗansadau.

Kwarkwasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, musamman kudancin Kebbi da kudancin Zamfara inda ruwa ya fi sauka. Wanda ta taɓa shigar wa gida cikin dare da damina ba ya mantawa: a tashi yara, a kwashe kaji daga akurki, a zagaye ɗaki da toka ko kananzir, a jira ta wuce. Da safe a tarar ta share kyankyasai ƙaf. Ba kamar tururuwa take ba mai jan hatsi zuwa rami, ba kuma kamar gwano ba da ke fita a siririn jeri ya nufi gidan gara ya dawo. Ita a baje take farauta, duk mai rai da ya kasa gudu nata ne.

Tamu ta Afirka masana na kiranta Dorylus. Ma'aikatanta makafi ne, ba su da ido ko ɗaya, da wari suke bin sawun juna. Runduna guda ta manyan nau'o'inta, irin su Dorylus wilverthi na kurmin Kwango, takan kai miliyan 20, uwarsu kuwa babu kamarta girma a duk dangin tururuwa, tsawonta ya kai santimita 5. Mazanta ma kusan kowa ya taɓa gani bai sani ba, wannan jan ƙwaro mai fukafukai da dogon ciki da ke faɗowa kan fitila da daddare yana ta birgima a ƙasa. Tun 1847 wani likita ɗan mishan Ba'amurke, Thomas Savage, da ya zauna a gaɓar Laberiya, ya rubuta bayanin yadda take farauta. Ta can Amurka ta Tsakiya da ta Kudu kuma ita ce Eciton burchellii, wadda ake samu daga kudancin Meziko har Barazil. Rundunarta ba ta kama ƙafar tamu a yawa ba, kimanin rabin miliyan ce, amma ita aka fi sanin sirrinta, don tun shekarun 1930 ake bin ta da littafi da alƙalami.

Eciton ba ta gina gida. Zango take yi da jikinta: ma'aikata su sarƙe ƙafafu da juna, su yi dunƙule a ƙarƙashin faɗaɗɗen icce ko cikin kogonsa, uwa da 'ya'ya na tsakiya. Gari na wayewa sai dunƙulen ya fara warwarewa. Kimanin 200,000 su fito, da fari a jeri guda, can gaba jerin ya yi rassa, rassan su sake yin rassa, har bakin farmakin ya zama shimfiɗa ɗaya mai faɗin mita 10 zuwa 15, wani lokaci ma fiye, yana matsawa gaba kamar mita 15 a awa. Babu ganyen da ba a shiga ƙarƙashinsa, babu ramin da ba a leƙawa, har ƙananan itatuwa ana hawa. An ƙiyasta runduna guda kan kama ƙwari kimanin 30,000 a yini.

A taku biyu gaban wannan shimfiɗa ne ake yin ta. Ƙwarin da ke ɓoye cikin ruɓaɓɓen ganye, waɗanda tsuntsu zai daɗe yana tono kafin ya samu ɗaya, duk sai su fito fili a lokaci guda. Gyare na tsalle, kyankyaso na gudu, gizo-gizo na jan jakar ƙwanta, ga kunama, ga shanshani, ga ƙananan ƙadangaru da kwaɗi. Faɗuwarsu kan busasshen ganye har kunne na ji, tas-tas-tas ta ko'ina. Gaba kura baya sayaki: wanda ya tsaya kwarkwasa ta yayyaga shi, wanda ya yi tsalle ya faɗa bakin tsuntsu. Domin tsuntsayen nan ba kwarkwasar suke ci ba. In ma ta shiga cikinsu, galibi maƙale take a jikin abin da suka haɗiya.

Mutumin da ya fi kowa ɓata lokaci a kan wannan taro shi ne Edwin Willis, masanin tsuntsaye Ba'amurke da ya fara bin su a Fanama tun farkon shekarun 1960, yana sa musu zobba masu launi a ƙafa don ya bambance wane da wane. Shi da matarsa Yoshika Oniki, 'yar Barazil, suka tattara abin da aka sani a 1978. Daga aikinsu da na waɗanda suka biyo baya, mahalarta taron sun kasu mataki-mataki. Akwai 'yan sa'a, waɗanda sai runduna ta ratso yankinsu su sauko su ci, ta wuce su koma harkarsu, kuma waɗannan nau'o'i ne ɗaruruwa. Akwai masu yawan bi, da kan bar yankinsu su raka ta amma suna iya kiwon kansu. Sannan akwai waɗanda suka dogara da ita kacokan. A dangin da ake kira Thamnophilidae, mai nau'i sama da 200, kimanin 18 ne kawai suka kai wannan matsayi, sai kuma wasu ƙalilan daga dangin masu hawan kututture.

A Fanama uku ne suka fi shahara. Babbansu, Phaenostictus mcleannani, nauyinsa kamar giram 50, fuskarsa fata ce shuɗiya ba gashi, bayansa da zane kamar ɓawon kifi. Na biyu, ɗan Gymnopithys, mai farin ƙirji da baya launin ƙasa, kamar giram 30. Ƙaraminsu, Hylophylax naevioides, mai ɗigo-ɗigon baƙi a ƙirji, bai kai giram 20 ba. Ba a cakuɗe suke tsayawa ba. Tsakiyar bakin farmaki, inda ƙwari suka fi tashi, na babba ne. Mai farin ƙirji na kewaye da shi, ƙaramin kuma sai can gefe da baya inda ake samun ragowa. Da babba ya matsa, na ƙasa da shi ya maye wurin, da ya dawo a ba shi hanya. Tsayuwar tasu ma abin kallo ce. Ba sa sauka cikin kwarkwasa su zauna. Kowanne kan kama siririn kara da ke tsaye, ya maƙale a karkace, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, bai wuce tsayin gwiwa ko ƙugu daga ƙasa ba, kansa a sunkuye. Da gyare ya yi tsalle sai ya faɗo, ya cafe, ya koma kan kara kafin ka ƙifta ido. Ƙafafunsu da yatsunsu sun fi na 'yan uwansu ƙarfi saboda wannan maƙalewa.

Mai nemansu da kunne yake farawa. Kurmi mai yawan ruwa ya fi yadda ake zato shiru da rana, kana iya tafiyar awa guda ba ka ga fiffike ba. Can sai ka ji gurnani ƙasa-ƙasa da 'yar tsiwa gajera-gajera daga wuri guda, muryoyi iri uku ko huɗu a haɗe. Rigimar wurin tsayawa ce ake yi. In kuwa da jerin kwarkwasa ka fara cin karo ya ratsa hanya, ka durƙusa ka dube shi da kyau. Za ka ga masu fita hannu rabbana, ka ga masu dawowa ɗauke da ƙafar gyare, gutsuren kyankyaso, ko fararen tsutsotsin wasu tururuwan da aka fasa wa gida. Masu kaya zango suka nufa. Kai sai ka ba su baya, ka bi inda suka fito, jerin zai yi ta rarrabuwa har ya kai ka bakin farmaki. Amma in da yamma ne ko da dare, ka ga jerin duk ya fuskanci gefe guda kowa na ɗauke da farar tsutsa iri ɗaya, wannan ƙaura ce, babu abin da tsuntsu zai samu a nan.

Da ka iso kada ka kutsa tsakiya. Zagaya ka tsaya ta gefe, ɗan gaba kaɗan. Cusa ƙafar wando cikin safa ko dogon takalmin roba, ka riƙa duba ƙasa akai-akai don bakin farmakin kan karkata. Sannan ka natsu, idonka tsakanin ƙasa da tsayin ƙugu. Da farko motsi kawai za ka riƙa gani, domin hasken da ke ratso ganye kaɗan ne, tsuntsayen kuma launin ƙasa da baƙi ne suka fi yawa a jikinsu. Amma neman abinci na rage musu tsoro. In ba ka yi ta motsi ba sukan matso har 'yan taku kaɗan, inda ko madubin hangen nesa ba ka buƙata.

An daɗe ana zaton cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ce tsakaninsu da kwarkwasa, wai tsuntsu na tare ƙwaron da ya tsere ya maido shi baya. Peter Wrege da abokan aikinsa suka gwada abin a gandun dajin Soberanía na Fanama, suka fitar da sakamakon a 2005. Sun kwatanta abin da kwarkwasa ke kamawa in an kore tsuntsaye da wanda take kamawa in an bar su, suka ga samunta na raguwa da kusan kashi 30 cikin 100 in suna nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba su kaɗai ba ne ma masu cin arzikin. Akwai ƙudajen da ke shawagi a bakin farmaki suna jiran gyare ko kyankyaso ya fito su ɗora masa ƙwai ko tsutsa, akwai malam-buɗe-littafi da ke bin taron don tsotsar kashin tsuntsayen. Carl Rettenmeyer, da ya ƙarar da rayuwarsa kan kwarkwasar Amurka, ya tara sunayen halittun da ke rataye da Eciton burchellii, aka buga a 2011 bayan rasuwarsa: sama da nau'i 300 ne rayuwarsu ta dogara da ita.

Inda lamarin ya yi sarƙaƙiya shi ne kwarkwasar ba kullum take fita ba. T. C. Schneirla, masanin halayyar dabbobi da ya yi shekaru yana bin ta a tsibirin Barro Colorado na Fanama, shi ya gano tana da kalandarta ta kimanin kwana 35, kuma ba ƙarewar abinci ke tayar da ita ba, girman 'ya'yanta ne. Kwana 20 takan yi a zango ɗaya. A lokacin tsofaffin tsutsotsi sun shiga kwanso ba sa cin komai, uwa kuma cikinta ya kumbura tana zuba ƙwai dubu-dubu. Bakunan da ake ciyarwa kaɗan ne, don haka farmakin kan yi rauni, wata rana ma ba a fita sam. In an fita kuma ba a maimaita hanyar jiya: masanin tururuwa Nigel Franks ya auna ya ga kowane farmaki na karkata daga na baya da kimanin digiri 123, abin da ke ba wurin da aka share lokacin farfaɗowa. Da na cikin kwanso suka fito, ƙwai kuma suka ƙyanƙyashe, sai yunwa ta tashi. Kwana 15 ke nan ana farmaki kullum, kowane dare kuma a tashi zango a matsa gaba kamar mita 100.

Ɗan tsuntsu mai giram 30 ba shi da kitsen da zai jira kwana biyu. Ga shi kuma yana da sheƙa a wuri guda da 'ya'ya a ciki, sheƙa ba ta ƙaura, abincinsa kuwa kullum yana tafiya. Runduna guda ba za ta riƙe shi ba. Dole ya san inda runduna uku ko huɗu suke a lokaci guda, wacce ke tafiya, wacce ke zaune. Wata mai bincike, Monica Swartz, ta bayyana a 2001 wata ɗabi'a da ta raba 'yan sana'a da 'yan sa'a: sukan je zangon kwarkwasa da kansu su leƙa, su ga ko an fita da kuma ta ina aka bi. Har zangon da ke zaune ba ya farmaki sukan kai masa ziyara bayan sun ƙoshi a wani wurin, abin da ya sa wasu masana ke ganin tanadin gobe suke yi. Suna kuma sauraron juna, kukan ɗan sana'a guda kan jawo wasu nau'o'in daga nesa. Ko tsaron yanki, da aka san ƙananan tsuntsaye da shi, sun sassauta. Maƙwabci na iya shigowa ya ci, sai dai mai wuri ne ke da wurin tsayawa mafi kyau.

A yi lissafi. Barro Colorado hekta 1,500 ne da 'yan kai, kuma rundunonin Eciton burchellii da ke cikinsa kimanin 50 ne. Ke nan kowace runduna na cin kamar hekta 30. Tsuntsun da ke buƙatar uku ko huɗu yana buƙatar daji mai hekta 100 ko fiye, a haɗe ba yanka, kuma wannan don iyali guda ne, ba a zo maganar inda 'ya'yansa za su samu abokan aure ba. Ƙari a kan haka, uwar kwarkwasa, ta Amurka da ta Afirka duka, ba ta da fukafukai. Sabuwar runduna daga tsagewar tsohuwa take samuwa, a ƙafa ake rabuwa. Kogi ko fili mai zafin rana katanga ce gare ta. Su ma tsuntsayen ba gwanayen dogon tashi ba ne. A wani gwaji da aka buga a 2008, an ɗauki tsuntsayen ƙarƙashin kurmi a kwalekwale aka sake su a tafkin Gatun na Fanama, wasu nau'o'in ko mita 100 ba su iya kaiwa ba sai da aka tsamo su daga ruwa.

Shi kansa Barro Colorado da can kan tudu ne a tsakiyar daji. Da aka datse kogin Chagres don gina mashigin ruwan Fanama, wanda aka buɗe a 1914, ruwa ya kewaye tudun ya zama tsibiri. A 1923 aka keɓe shi don bincike, ba sara ba noma. Duk da haka Willis da idonsa ya ga mai shuɗiyar fuska yana raguwa shekara bayan shekara, kafin ƙarshen shekarun 1970 ya ƙare a tsibirin, alhali yana nan a dajin da ke tsallaken ruwa. Babu wanda ya harbe shi, babu wanda ya sare masa icce. Wurin ne ya yi masa kaɗan, kuma babu hanyar da wasu za su shigo su cike gurbin waɗanda suka mutu. Sai bayan sama da shekara 20, kamar yadda Janeene Touchton ta nuna a 2011, ƙaramin nan mai ɗigo-ɗigo ya yawaita, wasu daga cikinsa suka bar zaman yanki suka koma yawon bin kwarkwasa.

A Barazil da gangan aka yi gwajin. Daga 1979, a arewacin birnin Manaus, Thomas Lovejoy da abokansa suka shirya da masu buɗe gonakin kiwo cewa in za su sare daji su bar gutsattsari masu hekta 1, 10 da 100. An ƙirga tsuntsaye kafin sara da bayansa. Masu bin kwarkwasa, har da Pithys albifrons mai fararen gashi tsaye a fuska, suna cikin na farkon ɓacewa daga ƙananan gutsattsarin. Amma akwai abin da ya biyo baya mai faranta rai. Inda aka ƙyale filin da ke kewaye ya sake tsiro har ya yi inuwa, kwarkwasa ta dawo tana ratsawa, tsuntsayen suka biyo ta.

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne na dajin Kakamega a yammacin Kenya, kuma ni a ganina ya fi duka ban tsoro, don ɓarnarsa ba ta ganuwa. Kwarkwasar Afirka ba ta da kalandar kwana 35. A cikin ƙasa take sauka, ta yi makonni tana kai farmaki daga nan kafin ta tashi. Marcell Peters da abokan aikinsa sun ga nau'in tsuntsu sama da 50 na halartar farmakinta a Kakamega, amma ƙalilan ne 'yan sana'a, irin su Bleda mai jan wutsiya da Neocossyphus mai farin gefen wutsiya. A manyan sassan dajin Dorylus wilverthi ce ke da rinjaye. A ƙananan gutsattsari ta ragu, wata 'yar uwarta, Dorylus molestus, ta maye gurbinta. Mai wucewa zai ga kwarkwasa ya ce ai tana nan. Sai dai ta farkon tana fita ko da laima ko babu, ta biyun kuwa da iska ta bushe sai ta janye da rana. Tsuntsun da ya dogara da ita sai ya wayi gari ranar da ya fi buƙata babu kowa a fili. 'Yan sana'ar suka ragu ƙwarai a gutsattsarin, kamar yadda rahotonsu na 2009 ya nuna.

Dangin waɗannan tsuntsaye muna da su a Najeriya. Mai son ganin Alethe mai jan tukku ko Bleda a gaban kwarkwasa sai ya nufi gandun Okomu a Edo, ko Omo a Ogun, ko sashen Oban na gandun Kuros Riba. A Gashaka Gumti kuma, can Taraba da Adamawa, har birai masu kama da mutum na cin kwarkwasa, suna zura sanda a raminta ta hau su suɗe.

Mu nan Kebbi da Zamfara lamarin daban ne, kuma bai kamata a ƙara masa gishiri ba. Ruwan da ke sauka a kudancin Kebbi bai kai rabin na Barro Colorado ba, rani na cin wata shida ko fiye, ƙasa ta bushe ƙamas. Tsuntsu ba zai iya jingina shekararsa duka a kan kwarkwasa a irin wannan ƙasa ba. Masu zuwa taronta a wurinmu 'yan sa'a ne, tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa cikin duhuwa. Dangin Cossypha, alal misali, an san su da halartar farmakinta, kuma muna da nau'insu mai farin kai da jan ciki, gwanin kwaikwayon kukan wasu, a kurmin bakin rafukan arewa.

Amma ƙa'idar da ta kori mai shuɗiyar fuska daga tsibirinsa tana aiki a kanmu, har ma ta fi tsanani, saboda siffar kurminmu. Namu ba faffaɗan daji ba ne, siririn layi ne na maɗaci, kanya, ɗinya, malmo da giyayya da ke bin bakin ruwa, irin wanda ake gani a sassan Gulbin Ka da ƙananan rafukan da ke zuba cikinsa. Duk abin da ke son inuwa da danshi a cikin wannan layin yake tafiya, ba shi da wata hanya. Mai gawayi ya sare nan, mai noman rani ya kai shukarsa har bakin ruwa can, mai haƙar zinari ya tone gaba, wutar daji ta cinye ganyen da ya zuba. Kowannensu ɗan wuri ya taɓa, kuma kowannensu abinci yake nema, ban ga laifin neman ba. Sai dai jimillar aikinsu ita ce layi guda ya koma tsibirai goma. Shi ya sa gangamin dashen itace da muke yi duk damina, ana ƙirga dubban darbejiya, bai gamsar da ni ba. Darbejiya na tare iska tana ba da inuwa, amfaninta a fili yake. Amma wanda ya bar taku ashirin ko talatin a bakin rafi bai nome ba, ya ƙyale abin da ke son tsirowa ya tsiro har ya haɗe kurmi biyu da suka rabu, ya yi irin aikin da ya dawo da tsuntsayen Manaus, kuma ko sisi bai kashe ba. Hakimai da masu unguwanni da ke raba filin fadama su ne ke da ikon wannan, tun kafin a kai ga ma'aikatar gandun daji.

Ba na ce wa kowa ya shiga daji neman tsuntsu a halin da muke ciki. Kuyambana, wadda ke manne da gandun Kamuku, da sauran manyan dazuzzukanmu kowa ya san hannun da suke ciki, kuma babu tsuntsun da ya kai ran mutum. Kallon da zai yiwu yanzu shi ne na kusa da gari: lambun mangwaro mai tarin ganye, bakin rafin bayan gari, gefen fadama, da sassafe bayan an kwana ana ruwa, daga Yuli zuwa Satumba. In kwarkwasa ta fito a wurin da ba ta kusa da ɗaki ko akurki, a ɗan dakata da kananzir, a koma gefe a zauna rabin awa.

Abin da aka gani kuma yana da inda za a kai shi. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, ƙasar da ke da nau'i sama da 900, kuma 'yan sa-kai ne ke aika bayanan ta wayar hannu. Ɗalibi a Zuru, Yauri ko Gusau na iya shiga. A rubuta rana da lokaci, ko an yi ruwa, faɗin bakin farmakin da taku, tsuntsaye iri nawa suka zo, wanne ya tsaya tsakiya, wanne aka kora gefe. Wanda bai san sunan tsuntsun ba ya ɗauki hotonsa, ya naɗi kukansa a waya, masu sani za su tantance.